Wanda Ya Kwafi Faifan Da Ya Saya Ba Ɓarawo Ba Ne

Da mahaifinmu ya canza mota bara, bai yi ƙorafin shan mai ba, bai yi na tsadar kayan gyara ba. Abu ɗaya ne ya ɓata masa rai: ya duba gaban motar sama da ƙasa bai ga bakin da zai zura faifai ba. A tsohuwar motarsa akwai wata baƙar jaka mai zif da ke zama ƙarƙashin kujera, maƙare da faya-fayan CD, wasu na karatun Alƙur'ani, wasu na wa'azi, mafi yawansu kuma na makaɗan da ya taso yana ji tun yana saurayi. Da kuɗinsa ya saye su, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekara kusan ashirin. Sabuwar motar ba ta san da zamansu ba. Ramin filash kawai gare ta, sai Bluetooth.

Wata ranar Asabar na shimfiɗa tabarma na ɗauko tsohuwar kwamfutata, wadda har yanzu take da aljihun faifai, na shiga zura su ɗai-ɗai ina juye abin da ke ciki. Wanda ya yi datti in hura masa iska, in goge shi da gefen riga, in mayar. Wasu su wuce sumul, wasu su yi ta gurnani a ciki kamar injin markaɗe kafin su saki abin da suka riƙe. Ina cikin haka ƙanena da ke karatu a Ingila ya kira ta bidiyo. Ya hango tulin faifai ya tambayi abin da ake yi. Da na gaya masa sai ya kwashe da dariya ya ce, "Yaya, ka san a nan ƙasar abin nan da kake yi saɓa doka ne?" Baba yana kishingiɗe a gefe yana jin mu. Ya ɗago ya ce, "Kai, tambayar mini shi, kayan wa na sata?"

Yaron bai yi ƙarya ba. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Birtaniya ta 1988, juye waƙa daga faifai zuwa kwamfuta ko waya kwafi ne, kuma kwafi ba ya halatta sai da izinin mai haƙƙin, ko da kai ka sayi faifan, ko da kai kaɗai za ka ji. Ba irin laifin da ɗan sanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa a kansa ba ne, amma a takarda mai haƙƙin yana iya maka ka a kotu. Su kansu Turawan sun daɗe da sanin cewa abin bai dace da hankali ba. A 2006 shugaban ƙungiyar kamfanonin faifai ta ƙasar ya shaida wa wani kwamitin majalisa cewa ba za su bi wanda ya kwafi faifansa don amfanin kansa ba. Binciken Gowers na 2006 da na Hargreaves na 2011, waɗanda gwamnati ce ta sa aka yi su, duk sun ba da shawarar a gyara dokar. Aka yi ta jan ƙafa har ranar 1 ga Oktoba, 2014, lokacin da sabuwar ƙa'ida ta fara aiki: kana iya kwafar abin da ka mallaka ta halaltacciyar hanya, don kanka kai kaɗai. Ban da na aro, ban da na haya, ban da ba aboki ko ɗan'uwa, kuma in ka kyautar da faifan ko ka sayar, to kwafin da ka yi ma sai ka goge shi.

Ko shekara ƙa'idar ba ta yi ba. Ƙungiyar marubuta waƙoƙi da ƙungiyar makaɗa da UK Music, uwar ƙungiyar masana'antar kiɗa ta ƙasar, suka kai gwamnati babbar kotu. Abin lura shi ne ba su ce a hana mutane kwafa ba. Cewa suka yi a biya su diyya, domin dokar Tarayyar Turai ta 2001, wadda Birtaniya take ƙarƙashinta a lokacin, ta ce ƙasar da ta halatta kwafi na amfanin kai sai ta tanadi diyya mai adalci ga masu haƙƙi, in dai cutarwar ba 'yar kaɗan ba ce. Gwamnati ta ce ai 'yar kaɗan ɗin ce, domin mai sayar da faifai ya san za a kwafa, ya riga ya cusa kuɗin hakan cikin farashi. A watan Yuni na 2015 Mai Shari'a Green ya ce hujjojin da gwamnati ta tara ba su isa su ɗauki wannan magana ba, a watan Yuli kuma aka soke ƙa'idar. Gwamnati ba ta sake kawo wata ba. Mutumin da ya kwafi faifansa a watan Maris na 2015 mai bin doka ne, in ya maimaita a watan Agusta ya zama mai saɓa mata, alhali faifan ɗaya ne, kwamfutar ɗaya ce, kunnen da zai ji ma ɗaya ne.

Ni a wajena tambayar Baba ita ce tushen maganar, kuma ban ga wanda ya amsa ta ba. Sata tana da wanda aka raba da abinsa. Da na juye faifan nan zuwa filash, wa ya rasa me? Mawaƙin ya karɓi rabonsa, ko kuma ya kamata a ce ya karɓa, ranar da Baba ya miƙa kuɗi a shago. Mai sauraro bai ƙaru ba, mutum ɗayan nan ne dai. Abin da ya sauya shi ne mazubi, kamar wanda ya sayo man gyaɗa a galan ya zo gida ya juye a kwalba don galan ɗin ba ya shiga kabad. Lauyoyi za su ce ba waƙar ka saya ba, robar da aka zuba ta a kai ka saya, waƙar tana nan hannun mai ita. Na yarda da rabin wannan. Ban sayi ikon buga ta in sayar ba, ban sayi ikon sa ta a tallan sabulu ba, ban sayi ikon cewa ni na rera ta ba. Amma babu mai hankalin da ke ba da kuɗinsa don ya mallaki faranti mai ƙyalli. Jin waƙar ya saya, kuma jin nan ba ya ƙarewa don kamfanonin mota sun daina sa na'urar faifai.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ɗaya ɓangaren ita ce: da Baba bai sami mai juye masa ba, da ya sake saye. Wannan sayen na biyu shi ne asarar da ake magana. Gaskiya ne kasuwar faifai ta ci riba mai yawa ta wannan hanya. Wanda ya sayi waƙa a faifan garmaho ya sake sayenta a kaset bayan Philips ta fito da shi a 1963, ya kuma saye ta a CD bayan 1982. Sai dai samun riba daga abu bai mayar da shi haƙƙi ba. Tela yana cin riba in rigarka ta yage ka ɗinka sabuwa, amma wannan bai ba shi ikon hana matarka ɗaukar zare da allura ba. Dokar haƙƙin mallaka an yi ta don mai fasaha ya ci guminsa, kada wani ya kwashe masa kasuwa. Ba a yi ta don mutum ɗaya ya biya kuɗin waƙa ɗaya sau huɗu a rayuwarsa ba.

Jamusawa sun riga kowa cin karo da wannan rigima, kuma yadda suka fita daga cikinta ya fi na Ingila hikima. Da rikodar naɗar sauti ta fara shiga gidaje, ƙungiyar GEMA mai karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu ta nemi a tilasta wa masu shaguna su riƙa rubuta sunan duk wanda ya sayi rikoda daga katin shaidarsa, don a san gidan da za a bi a karɓi kuɗi. A 1964 babbar kotun tarayya ta ƙi. Dalilinta shi ne ba yadda za a bi diddigin irin wannan kwafi sai an leƙa cikin ɗakunan mutane, kuma hurumin gida ya fi ƙarfin haka. Shekara ɗaya bayan nan, a 1965, sabuwar doka ta ce to a bar mutane su naɗa, amma a ɗora ɗan kuɗi a kan farashin rikodar, a tara a raba wa masu haƙƙi. Faransa ta bi sahu a 1985, ta kuma ware kashi 25 cikin 100 na abin da aka tara don tallafa wa sababbin ayyukan fasaha da bukukuwan kiɗa da horar da masu tasowa. Kanada ta yi nata a 1997, inda daga baya kuɗin ya tsaya a santi 29 kan kowane faifan CD da ba a zuba komai a kai ba.

Wannan tsari ma yana da nasa ƙaiƙayin. Matar da ta sayi memori don ta ajiye hotunan bikin 'yarta, ko almajirin da ya saya don karatun Warshu, me ya haɗa su da biyan mawaƙi? An yi musu kuɗin goro kenan. Kotun Tarayyar Turai ta taɓa wannan a 2010, inda ta ce ba daidai ba ne a ɗora harajin a kan kayan da a fili yake kamfanoni da ofisoshi ne suka saya don aikinsu. A 2014 kuma ta ƙara da cewa sassaucin kwafi na amfanin kai bai shafi abin da aka samo daga haramtacciyar hanya ba. Duk da haka, in aka ba ni zaɓi tsakanin ɗan ƙarin kuɗin da ba zan ma ji shi ba da kuma dokar da ta mai da kowane magidanci mai laifi, na san wanda zan ɗauka.

Amurka ta bi ta wata hanyar. A 1984 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙali biyar a kan huɗu, ta ce naɗar shirin talabijin a gida don a kalla daga baya ba keta haƙƙi ba ne. A 1992 majalisa ta yi dokar da ta hana a kai ƙarar wanda ya naɗi waƙa a gida ba don kasuwanci ba da na'urorin da dokar ta ambata, ta kuma sa kashi 2 cikin 100 a kan na'urorin naɗa na zamani da kashi 3 a kan faya-fayansu. Kwamfuta ba ta shiga ciki ba, amma a 2005 lauyan kamfanonin faifai da na fim da bakinsa ya amsa a gaban Kotun Ƙoli cewa mutum ya juye faifan da ya saya zuwa iPod ɗinsa, 'yar na'urar jin waƙa ta aljihu, halas ne.

A cikin wannan shekarar ta 2005 ne kuma aka ga inda zargin mai saye yake kai kamfani. Kamfanin faifai na Sony BMG ya fitar da miliyoyin faya-fayai ɗauke da manhajar hana kwafi. Kana zura faifan a kwamfuta mai Windows sai manhajar ta dasa kanta can cikin hanjin na'urar, ta ɓoye yadda ba za ka gan ta ba. Wani masanin kwamfuta, Mark Russinovich, ya bankaɗo ta a ƙarshen Oktoba. Kafin a ce kwabo masu ƙera ƙwayoyin cutar kwamfuta sun fara fakewa a bayanta, kamfanin ya janye faya-fayan daga kasuwa, ƙararraki suka yi masa ca. Wanda abin ya cutar shi ne wanda ya je shago ya biya. Wanda ya sauko da waƙar kyauta daga intanet ko ƙwarzane kwamfutarsa ba ta yi ba. An bar jaki ana dukan taiki. Tun a 1981 ma kamfanonin Birtaniya suka yi ta manna hoton kaset mai siffar ƙoƙon kai da ƙasusuwa a jikin faya-fayai, suna cewa naɗa a gida zai kashe kiɗa. Kiɗa bai mutu ba, kasuwarsa ma ba ta taɓa bunƙasa kamar yadda ta yi a shekara ashirin da suka biyo baya ba.

A nan gida, abin da zai ba wasu mamaki shi ne dokarmu ta fi ta Ingila sauƙi a wannan gaɓar. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin wadda ta samo asali daga dokar soja ta 1988, ta sa amfanin kai cikin abubuwan da mai haƙƙi ba shi da ikon hanawa, muddin an yi shi bisa adalci. Ta kuma faɗi abin da za a duba: manufar kwafin, irin aikin da aka kwafa, yawan abin da aka ɗiba, da illar da zai yi wa kasuwar aikin. In aka ɗora filash ɗin Baba a kan wannan sikeli, ni dai ban ga ta inda zai faɗi ba. Haraji irin na Jamus ma muna da shi a rubuce, domin a 2012 an fitar da umarnin ɗora kuɗi a kan kayan da ake kwafi da su, sai dai shekaru da dama sun shuɗe mawaƙa da ƙungiyoyinsu suna ta kiran a fara aiwatar da shi. Wurin da nake da ja da sabuwar dokar shi ne hanin da ta yi na karya makullin da aka sa wa aiki don hana kwafi. Hanin yana da amfaninsa, amma ya kamata Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ta fito ta faɗa da Hausar da kowa zai gane cewa makulli ba zai cinye damar da dokar ta ba mai saye ba. In ba haka ba, an ba ka da hannun dama an karɓe da na hagu.

Sai dai in na tsaya a nan na yi wa kaina daɗin baki. Matsalarmu ba mai kwafar faifansa ba ce, domin mutum nawa ne a cikinmu ma ya sayi na asalin? A bakin wata kasuwar waya da nake bi, akwai wani yaro da ya kafa laima da benci da ƙaramin teburi. Kwamfuta ɗaya gare shi, da na'urar ajiya mai girman tafin hannu, da wayoyin caji sun kai goma a harɗe kamar taliya, da lasifika mai tashin sabuwar waƙa don jan hankali. Ka miƙa masa memori, ya tambaye ka, "Alhaji, me za a zuba? Na soyayya, na siyasa, ko na gargajiya?" Ba ya ƙirga waƙa, cika maka yake yi gwargwadon kuɗinka, kamar mai awon gero. Na tsaya na kalle shi na minti goma, mutum shida suka zo suka tafi. Ba ko ɗaya daga cikin mawaƙan da ke cikin kwamfutar nan da zai ga sisin kwabo daga cinikin. Wannan ba amfanin kai ba ne, ciniki ne da kayan wani, ko da mai yin sa yaron kirki ne da ke ciyar da mahaifiyarsa da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kafin shi akwai waɗanda suka fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, masu injinan gurza faifai dubbai a dare ɗaya. Sunan kasuwar Alaba ta Legas ya daɗe yana fitowa a duk lokacin da ake wannan magana, har ta kai wasu mawaƙan Kudu suna gwammace su sayar wa 'yan kasuwar aikinsu kai tsaye su karɓi abin da ya samu, tun da ko sun ƙi za a gurza. A Kano, wanda ya san Ƙofar Wambai lokacin da kasuwar kaset da CD take tashe, ya kuma ga yadda ta koma, ba sai an ba shi labari ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake haɗa waɗannan da Baba a kira su da suna ɗaya, wai satar fasaha. In ka ce wa mutum miliyan ɗari duk ɓarayi ne, kalmar ta tashi daga aiki. Ɓarawon gaske ya sami inuwar fakewa, domin zai ce ai kowa ma yana yi. Dokar da take son a ji tsoronta dole ta ware wanda take nema.

Shi yaron mai laima ba kamu ne maganinsa ba. Ka kama shi yau, gobe ƙaninsa ya kafa laimar. Shi ne ya gina hanyar rarraba waƙa da ta kai ƙauyen da ba shagon faifai, ba intanet mai ƙarfi, abin da kamfanoni suka kasa. A yi musu rajista, su riƙa biyan wani abu sananne duk wata ga ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa haƙƙi, a bar su su yi sana'arsu a fili. Wahalar ba a karɓar kuɗin take ba, a rabon take. Mawaƙin da ke Gusau ko Maraɗi yana da dalilin tambayar ko kuɗin da aka tara da sunansa zai tsallake ofisoshin Legas da Abuja ya iso gare shi, kuma wa ya ƙirga sau nawa aka tura waƙarsa. In ba a warware wannan ba, harajin zai zama wani gardin ne kawai aka ƙara.

Akwai masu cewa ai mu a al'adarmu waƙa ba ta da mai ita, ta Allah ce, kowa ya ji ya rera. Wannan rabin gaskiya ne. Makaɗan fada da na jama'a ba da sayar da faifai suka rayu ba. Iyayen gida ne suke ba su doki da riga da mota da kujerar Makka, kuma duk inda kaset ya kai sunan makaɗi, gayyata tana biye. A irin wannan tsari mai kwafa ɗan talla ne da ba a biya. Har a zamanin nan ana samun haka: Mdou Moctar na Nijar ya naɗi kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a faɗin Sahel, ta nan wani Ba'amurke mai tara waƙoƙi ya ji shi ya neme shi, yau ga shi yana zaga duniya da jitarsa. Amma a bayan kowane irinsa akwai mai kiɗan fiyano a situdiyo, da mai haɗa sauti, da 'yan amshi, da wanda ya zuba jarinsa, waɗanda ba mai gayyatarsu biki balle a yi musu liƙi. Su kwafin kasuwa yake yanka. Ta fuskar addini ma maganar ba a sake take ba: Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta ta. Malamai suna da saɓaninsu a kan kiɗa, wannan daban, amma faifan karatu da na wa'azi da littafi duk suna ƙarƙashin wannan hukunci. Wanda ya ce kyauta ya bayar, a yaɗa, ya yi sadaka da haƙƙinsa. Wanda bai ce ba, ba a yi masa sadakar dole.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: kwafin gida shi ya riƙe mana tarihi. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, kuma bisa lissafin doka, shekara 70 bayan rasuwar mai waƙa, haƙƙin waƙoƙinsa zai kai ƙarshen 2069. To wa zai adana su har zuwa lokacin? Da yawa daga abin da muke ji yau na tsofaffin makaɗanmu ya iso gare mu ne saboda wani direban babbar mota ko wani tela ya danna jan maɓallin rikoda lokacin da Rediyon Kaduna ke sa waƙar, ya ajiye kaset ɗin a akwati, ɗansa ya juye a CD, jikansa ya juye a waya. Shi ya sa za ka ji wata waƙar da shiiii a bayanta, ko muryar mai gabatarwa ta faɗo a tsakiya, ko ta yanke ana cikin amshi don zaren ya ƙare. Faifan CD ba dutse ba ne. Zafin mota yana lanƙwasa shi, ƙurar hunturu tana karce shi, wanda aka gurza a kwamfuta ma da kansa yake dusashewa. Dokar da ta ce kada a kwafa sai an nemo izini daga kamfanin da ya rufe shekara talatin da suka wuce, hukuncin kisa ta yanke wa waƙar.

Ƙanena ya ce duk wannan surutun tsofaffi ne, yanzu wa yake ta faifai, ga Spotify ga YouTube ga Audiomack. Na ce masa a can haya kake yi. Ranar da ka daina biya, ko datarka ta ƙare, ko mai haƙƙin ya yi rigima da kamfanin aka sauke waƙar, ba ka da komai a hannu. Kuma je ka nemo mini rabin abin da ke cikin jakar Baba a can, in ka samu ka dawo mu yi magana.

Faifai arba'in da uku na juye a ranar. Biyu sun ƙi sam, ɗaya ya tsage daga tsakiya, ɗayan kuma bayansa ya ɓare kamar ɓawon albasa. Akwai na ukun da ya bayar amma waƙa ta bakwai tana tsalle a wuri guda, kalma ɗaya tana maimaita kanta sau huɗu kafin ta wuce. Na ce wa Baba bari in nemo masa wata mai kyau wajen yaron nan mai laima. Ya ce a'a, in bar masa tasa, ya saba da wurin tsallen, har yakan jira shi. Jakar kuma ya hana a jefar. Tana nan ƙarƙashin kujerar sabuwar motar.